Yadda ake shan azithromycin da 'yan uwansa

Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma tambayar da aka fi yi mini kan azithromycin, maganin cututtukan bakteriya, ita ce, "Kwana 3 kacal? Zai isa kuwa?" Zai isa, muddin haka likita ya rubuta. Maganin yana daɗewa a jiki, sai an yi kusan awa 68 kafin rabinsa ya fita, saboda haka yana nan yana aiki bayan ka haɗiye ƙwayar ƙarshe. Shi da clarithromycin da erythromycin, wanda aka fara amfani da shi a 1952, dangi ɗaya ne da ake kira macrolide. Suna hana bakteriya haɗa furotin da take rayuwa da shi, sai ta kasa yaɗuwa. Ana ba da su a kan ciwon huhu, tarin shiƙa, wasu cututtukan sanyi, da kuma ga wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin.

Kafin ka karɓa, ka faɗa wa likita duk abin da kake sha. Nan na fi damuwa. Clarithromycin da erythromycin suna hana hanta sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini. Mai shan simvastatin na rage kitse yana iya samun lalacewar tsoka, mai shan warfarin na hana jini daskarewa kuma yana iya zubar jini. Idan kana da matsalar bugun zuciya ka ambata, domin duk magungunan macrolide ɗin nan uku suna iya rikita bugun. Mai juna biyu ma ta faɗa tun da wuri.

Ka riƙa sha a lokaci guda kullum, ka kuma shanye ko da ka ji sauƙi. Idan kana shan maganin ƙwannafi mai aluminiyam ko magnesiyam, ka bar awa 2 tsakaninsa da azithromycin. Na ruwa na yara a girgiza shi, a auna da sirinji ko cokalin da ya zo da shi.

Tashin zuciya da murɗawar ciki sukan faru, musamman da erythromycin. Amma zawo mai jini, kumburin fuska, faɗuwar gaba ko idanu su yi rawaya, wannan a tafi asibiti nan take.

Don Allah kada a sha shi don mura. Bairos ke kawo ta, maganin ba ya taɓa shi, sai dai ya koya wa bakteriyar jikinka bijire masa.