Yadda ake tayar da tafintan GCC don tsohuwar ƙwaƙwalwar 68HC11

Lokacin kakar gyaɗa wani ɗan kasuwa a nan Maradi ya kawo min allon sikelin da yake auna buhuna da shi. Sikelin ya girmi ɗansa na fari, amma lafiyarsa lau, lissafin cire nauyin buhu kawai yake so a canza. "Malam, ai ku masu kwamfuta ba abin da ya gagare ku." Na ce, "Alhaji, bari dai in duba." Ina buɗewa na ga 68HC11, 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura da Motorola ya fitar a 1984. Shirin sikelin, wanda aka rubuta da yaren kwamfuta na C, yana nan a wani tsohon faifai. Tafintan da zai mayar da shi yaren injin ne babu, don GCC, manhajar da ke wannan tafinta, ya sanya iyalin 68HC11 cikin tsofaffin yayi a fitowa ta 4.6 a 2011, ya cire shi a 4.7 shekara guda bayan haka.

Kafin komai, tambayi kanka ko tayarwar ta zama dole. Masu amfani da 68HC11 da dama sun tsaya ne a GCC 3.3.6, kuma har gobe yana aiki idan ka girka tsohon Linux cikin kwamfutar kwaikwayo. Na Alhaji da haka na gama shi cikin kwana biyu. Amma ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo mai neman aikin kammala karatu, ko mai alluna da yawa da zai riƙa kula da su shekaru, shi ne ya kamata ya ci gaba.

Fara da binutils, tarin kayan aikin da ke haɗa yaren inji. Har yanzu yana ɗauke da 68HC11, don haka gina shi da --target=m68hc11-elf. A cikin GDB, manhajar bin diddigin kurakurai, akwai makwaikwayin wannan ƙwaƙwalwa, shi ma gina shi. Rubuta layi goma na yaren inji, haɗa, kunna. Idan nan bai tafi ba, kada ka taɓa GCC tukuna.

Sai tono gawar. GCC ya koma git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canji, a farkon 2020 da tarihinsa duka, don haka git log --diff-filter=D -- gcc/config/m68hc11 zai nuna maka ranar da aka goge fayilolin Stephane Carrez, wanda ya rubuta ɓangaren 68HC11. Ma'ajiyar ta haura gigabait guda, nemi wurin da intanet ke da ƙarfi, kada ka ƙone kuɗinka a waya. Dawo da fayilolin, ka mayar da layukansu cikin config.gcc da na libgcc.

Kada ka yi tsalle daga 4.6 zuwa na bana. Hawa ɗaya-ɗaya, kamar tsani. A kowace fitowa an soke wasu tsofaffin sunaye an maye su da sababbi, kuma tafintan zai tsaya ya faɗa maka wanda aka haramta. A 4.8 GCC ya koma ginuwa da C++, a fitowa ta 12 fayilolin .c suka zama .cc. Wannan aikin gajiya ne kawai, yi ta make all-gcc kana gyarawa. Idan wuta ta ɗauke, make zai ɗora daga inda ya tsaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne cc0. A tsohon tsari, GCC yana ɗauka cewa umarnin kwatanta lamba biyu da umarnin tsallen da ke bin sa manne suke, ba mai shiga tsakaninsu. GCC 12 ya kawar da wannan baki ɗaya. Yanzu sai ka bayyana tutocin CCR, masu riƙe sakamakon kwatantawa, a matsayin rajista ta gaske, wato gurbin ajiya a cikin ƙwaƙwalwar, ka bi fayil ɗin .md mai bayanin umarnan injin umarni bayan umarni kana faɗin wanne ke ɓata su. A 68HC11 kusan kowa ɓatawa yake, har LDAA mai ɗauko lamba kawai tana taɓa tutar N da Z. Dabarar ita ce ka bar kwatantawa da tsalle a dunƙule har a gama rabon rajista, sannan ka raba su. Bernd Schmidt, ɗaya daga masu aikin GCC, ya yi wa ƙwaƙwalwar m68k wannan aikin a 2019, an yi wa ƙwaƙwalen VAX da AVR bayansa. Karanta nasu sau biyu kafin ka rubuta naka.

Daga nan sai LRA, sabon mai rabon rajista da ya shigo a 4.8. Shi ya saba da yalwa, ita kuwa 68HC11 daga A da B, waɗanda haɗe suke zama D, sai X da Y. Tsohon aikin Carrez yana aron gurabe a farkon RAM ya mai da su rajistocin ƙarya. A ganina riƙe wannan dabara ya fi, ko da shirin zai ɗan kumbura.

Bayan kowane hawa, kunna gwajin gcc.c-torture ta manhajar gwaji DejaGnu a kan makwaikwayi, ka ajiye sakamakon don kwatantawa da na baya. Idan kana son a mayar da aikin cikin GCC, shirya sa sunanka a matsayin mai kula, don rashin mai kula ne ke sa a cire irin waɗannan.

Ranar gwaji a kan allo na gaske, cire tsohon EPROM, guntun da ke riƙe da shirin, kwafe abin da ke ciki, naɗe shi ka adana, ka rubuta shirinka a sabon EPROM. Sannan ɗora buhun siminti mai kilo 50 a gaban mai sikelin, ku karanta lambar tare.