Yadda Ake Auna Nauyin Allurar Garmaho

Da farko ka kashe garmahon, ka cire faifai, ka mayar da maɓallin hana zamewar allura kan sifili.

Ɗora ɗan sikelin dijital a kan farantin da ake ɗora faifai, ka kunna shi, ka jira ya nuna 0.00. Ka tabbata bakin sikelin ya yi daidai da tsayin faifai, domin in ya ɗara, lissafin zai kauce.

Sai ka sauke allurar sannu a hankali, ta sauka cif a kan ɗigon da ke tsakiyar sikelin. Kada hannunka ya yi rawa, allura ba ta da juriya.

Allura samfurin Ortofon 2M Red, alal misali, giram 1.8 take so. In nauyin bai kai ba, ɗaga hannun da ke riƙe da allurar tukuna, murɗa ƙarfen bayansa kaɗan, ka sake aunawa. Kada ka rage nauyi don tausayin faifai: allura mara nauyi tsalle take yi tana cin layin faifan.