Yadda ake gane dangin kwaɗi ta jiki da ƙwai a daminar Kumasi

Daga watan Afrilu zuwa Yuli, idan ruwa ya sauka a Kumasi, duk wanda yake zaune a Aboabo ko Asawase ya san yadda kukan kwaɗi yake cika unguwa bayan sallar isha'i, sannan ya sake dawowa a ƙaramar damina ta Satumba da Oktoba. Mu kan haɗa su duka mu ce kwaɗo, alhali dangogi ne daban-daban, kuma malamin makaranta ko uban da yake son nuna wa yara bambancinsu ba ya buƙatar komai sai tocila da farar roba da ɗan haƙuri.

Ka fara da duban jiki. Kwaɗon da yake shigowa tsakar gida ya zauna ƙarƙashin fitila yana lasar gina yana da busasshiyar fata mai ƙuraje da gajerun ƙafafu, ba ya dogon tsalle, kuma a bayan kowane ido akwai wani kumburi mai fitar da farin ruwa mai dafi. Masana suna kiran danginsa Bufonidae. Taɓa shi ba ya sa ƙuraje, amma ruwan nan yana ƙona ido, don haka a wanke hannu da sabulu. Burduddugi kuwa, wanda ake ci a arewacin Ghana da Burkina Faso, yana da santsin jiki da dogayen ƙafafun baya masu fata tsakanin yatsu, kuma da ka matso zai yi tsalle ɗaya ya nutse. Idan ka haska ciyawar bakin ruwa ka ga ɗan ƙarami da bai wuce kan babban yatsa ba yana manne da ganye, duba yatsunsa. In akwai ɗan faifai a ƙarshen kowanne, to daga dangin masu hawan ciyawa da bishiya yake.

A ganina ƙwai ya fi jiki faɗar gaskiya, domin uwa takan gudu, shi kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Maza ne suke kukan da muke ji, suna kumbura fatar maƙogwaro don kiran mata. Idan ta zo, namijin yakan hau bayanta ya riƙe ta a hammata, tana sakin ƙwai a ruwa yana zuba maniyyinsa a kai, wato haɗuwar a waje take faruwa. Saboda haka ka fita da sassafe bayan daren da aka kwana ana ruwa, ka duba kududdufi ko ramin da masu gini suka bari. Idan ka ga dogayen igiyoyi biyu masu yauƙi, da baƙaƙen ɗigo jere a ciki kamar carbi, sun nannaɗe ciyawa, wannan aikin kwaɗon tsakar gida ne, kuma mace ɗaya takan zuba dubbai. Idan ƙwan a dunƙule yake ko a warwatse yana yawo a saman ruwa, na masu santsin jiki ne. A dazuzzukan da suke kewaye da garin za ka iya tarar da farin kumfa kamar na sabulu rataye a reshe daidai saman ruwa. Gidan ƙwan wani kwaɗon bishiya ne, kuma idan 'ya'yan suka ƙyanƙyashe sai su faɗo cikin ruwan da yake ƙasa.

Wasu ma ba sa neman ruwa ko kaɗan. Ƙananan kwaɗin da ake kira Arthroleptis suna ajiye ƙwai cikin danshin busassun ganyaye, ɗan ya fito da ƙafafunsa cikakku. A dutsen Nimba, kan iyakar Gini da Laberiya da Kwaddibuwa, akwai ɗan kwaɗon da yake ɗaukar ciki kusan wata 9 ya haifi 'ya'yansa da rai.

Salamanda, wani ɗan'uwan kwaɗi mai wutsiya da siffar ƙadangare amma da danshin fata ba ɓawo, ba za ka same shi a Ghana ba. Yana Turai da Asiya da Amurka da ɗan yankin arewacin Afirka. Yawancinsu namiji yakan ajiye ƙunshin maniyyi a ƙasa, macen ta ɗauka ta shigar cikin jikinta. Abin da yara za su gani a bangonmu ƙadangare ne ko tsaka.

Idan ana son yara su ga yadda ɗan kwaɗo mai wutsiya yake rikiɗa ya zama kwaɗo da idonsu, a ɗebi 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya kamar guda 10 kawai, a zuba a farar roba mai faɗi da ruwan sama. Kada a sa ruwan famfo kai tsaye, saboda maganin da ake zuba masa yana kashe su. A ajiye robar a inuwa, a rufe da tsohon gidan sauro don kada ta zama wurin hayayyafar sauro, a riƙa ba su ɗan dafaffen ganyen alayyahu, a sauya rabin ruwan duk kwana biyu ko uku. 'Ya'yan burduddugi masu cin nama ne, suna cinye na wasu, don haka kada a haɗa manya da ƙanana.

Ƙafafun baya ne suke fara fitowa, na gaba su biyo, daga nan wutsiya ta riƙa shanyewa cikin jiki, kuma a wannan lokaci sukan daina cin abinci. A nan ne aka fi yin asara, kuma ni ma na taɓa yi, don na wayi gari na tarar da uku sun nutse saboda ban sa musu abin hawa ba. Da zarar ka ga ƙafa huɗu, ka rage ruwan ka jingina dutse ko guntun katako, domin sun koma numfashi da huhu. Idan wutsiyar ta kusa ƙarewa, a kai su bakin kududdufin da aka ɗebo su da yamma bayan rana ta yi sanyi, a sake su cikin ciyawa.