Yadda Ake Amfani da Batutuwan Ja-in-ja Wajen Koyar da Matasa Turanci

Duk malamin da ya taɓa cewa 'yan shekara 15 su faɗi abin da suka yi a ƙarshen mako da Turanci, ya san irin shirun da ke biyo baya. Amma ka tambaye su ko ya dace a hana ɗalibai shiga aji da waya, nan take hannaye za su tashi, har da na wanda ba ka taɓa jin muryarsa ba. Matashi yana son a ji ta bakinsa, kuma idan magana ta taɓa shi, yakan manta da tsoron kuskure. Tun a 1985 masaniyar harshe Merrill Swain ta yi bayanin cewa sauraro da karatu kaɗai ba sa isa, sai ɗalibi ya yi ƙoƙarin faɗin abin da ke ransa yake gano inda harshen ya gaza masa. Ga yadda za ka ci wannan riba ba tare da aji ya rikice ba.

Mataki na farko shi ne zaɓen batu, kuma a nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. Kamfanonin da ke buga littattafan koyon Turanci don sayarwa a ƙasashe da yawa sukan kauce wa siyasa da addini da giya da makamantansu, shi ya sa darussan kan fito salam ba gishiri. Kai ka san ajinka, don haka kana da damar matsawa gaba kaɗan. Nemi batun da zai ɗumama aji ba tare da ya ƙona kowa ba. Tambayi kanka: akwai ɗalibin da wannan magana za ta zame masa tonon asiri, ko ta taɓa addininsa, ko ƙabilarsa, ko halin da gidansu ke ciki? In akwai, ajiye ta. Yaron da iyayensa suka rabu bai zo makaranta don a yi muhawara a kan rayuwarsa ba.

Batutuwa masu kyau suna da yawa. A 2018 Faransa ta hana amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare. A 2024 majalisar Ostireliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafafen sada zumunta. Kawo irin wannan labari a taƙaice, sannan ka mayar da shi jimla ɗaya da za a iya yarda ko ƙin yarda da ita. Haka ma batun aikin gida, da sanya yunifom, da rage shekarun jefa ƙuri'a. Sanar da hukumar makaranta tun kafin ranar.

Mataki na biyu, ba su kayan aiki. Idan ka tsallake wannan, da zarar muhawara ta yi zafi za su koma harshen gida, darasin Turanci ya tashi a banza. Zaɓi kalmomi 8 zuwa 10 da suka shafi batun, da jimlolin musu cikin ladabi irin su "I see your point, but..." da "What makes you say that?" Rubuta su a allo, a maimaita su da baki. Ɗauki ƙa'idar nahawu guda ɗaya tak da batun ke buƙata, misali "should" da "shouldn't", ko jimlar sharaɗi mai farawa da "If I were". Guda ɗaya ta isa.

Na uku, ku tsara dokoki tare, da Turanci: a soki ra'ayi ba mai ra'ayi ba, ba katse magana, kuma kowa na da ikon yin shiru.

Daga nan sai muhawarar kanta. Kada ka fara da aji gaba ɗaya, domin mutum uku masu baki ne za su cinye lokacin. Ba su minti biyu kowa ya rubuta dalilinsa, su tattauna bibbiyu, sannan a buɗe fage. Wata dabara mai kyau ita ce liƙa takarda a kowace kusurwar aji: na yarda sosai, na yarda, ban yarda ba, sam ban yarda ba. Kowa ya je ya tsaya inda ra'ayinsa yake, wanda hujjar wani ta gamsar da shi kuma ya sauya kusurwa. Za ka ga yarinya ta tsaya tsakiyar aji tana waige-waige, ta taka a hankali ta koma wancan ɓangaren, abokanta na kiran sunanta. Tambaye ta me ya sauya mata tunani, amsarta ita ce Turanci mafi daraja da za a yi a ranar. Idan batun ya ɗan yi nauyi, raba musu matsayi ta hanyar ƙuri'a, yadda ba wanda za a ce ra'ayinsa ne yake karewa.

Kai kuma bar naka ra'ayin a ranka. Matasa suna karanta fuskar malami, kuma da sun gane inda ka karkata, wasu za su bi ka, wasu su ja bakinsu su yi shiru. In ka yi tambaya, jira. Binciken masaniyar ilimi Mary Budd Rowe ya nuna malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 kacal, alhali jiran daƙiƙa 3 na sa amsoshi su ƙara tsawo. Wanda ke haɗa jimla da baƙon harshe ya fi kowa buƙatar wannan jira. Idan wani ya furta kalmar cin fuska, tsayar da magana nan take, ka nuna masa dokar da aka rubuta, ka sa ya sake faɗin hujjarsa ta hanyar da ta dace.

Kada ka gyara kuskure ana tsakiyar magana. Riƙe takarda ka rubuta jimloli biyar ko shida da ka ji, masu kyau da masu kuskure, ka kawo su allo a minti goma na ƙarshe ba tare da ambaton suna ba, su gyara da kansu. Aikin gida kuma, kowa ya rubuta sakin layi ɗaya yana kare ra'ayin da ya saɓa wa nasa, da jimlolin da aka koya a ranar.