Yadda Ake Haɗa Sabon Cuku a Gida da Hanyoyin Sarrafa Shi a Girki

Wannan cuku ba ya buƙatar komai face madara, abu mai tsami da ɗan gishiri, amma na ga mutane da dama sun gwada shi sau ɗaya sun haƙura, saboda abin da suka samu ya fito kamar tsaki ko ya yi tauri kamar roba. Kusan kullum matsalar daga wuri ɗaya take tasowa, wato lokacin zuba tsami.

A nemi lita 4 na madarar shanu mai cikakken maiƙo. Madarar kwali da ke daɗewa ba tare da firij ba, wadda aka dafa da zafi mai tsanani, ba ta dunƙulewa da kyau, kuma duk arhar da ta yi asara ce. A zuba a tukunya mai kaurin gindi wadda ba ta alminiyom ba, a ɗora a wuta matsakaiciya ana juyawa don kada ta kama, domin ƙauri idan ya shiga ba ya fita. Idan zafin ya kai digiri 85 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyos, wato tururi na tashi, ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya amma ba ta tafasa ba, sai a sauke.

A nan ne ni kaina na yi ta kuskure. Nakan juye ruwan lemon tsami gaba ɗaya alhali madarar tana kan wuta, in kama juyawa da ƙarfi, sai gudajin su farfashe su zama ƙanana, rabi ya bi ruwa ya tafi. Abin da ya dace shi ne a tanadi kimanin mililita 120 na ruwan lemon tsami ko farin khal, a riƙa zuba cokali biyu-biyu, ana ratsa ludayi a hankali sau ɗaya ko biyu, sannan a dakata a duba. Tsamin ne ke sa sinadarin furotin na madara ya haɗe wuri guda, kuma yana buƙatar natsuwa kafin ya kama jikinsa. Da zarar fararen gudaji sun ware, ruwan da ke tsakaninsu ya koma garai-garai mai ɗan launin ɗorawa, to tsamin ya isa ko da akwai saura a kofi, domin ƙari yana sa cukun tauri da ɗanɗano mai kaifi. Idan ruwan yana nan fari kamar madara, a ƙara cokali ɗaya. Daga nan a rufe tukunyar, kada a taɓa ta har minti 10.

A shimfiɗa tsaftataccen ƙyalle mai shara-shara a kan rariya, a kwashe gudajin da ludayi a zuba, a ɗauraye da ruwan sanyi kaɗan. Gishiri a barbaɗa shi yanzu, kafin matsa, don bayan an matse ba ya ratsa ciki. A naɗe ƙyallen, a ɗora faranti, a danne da abu mai nauyin kilo 2. Minti 30 na ba da cuku mai laushi da ake marmasawa, awa 2 kuma mai tauri da ake yankawa da wuƙa.

Tun da tsami ne ya haɗa shi, ba ya narkewa a wuta, don haka mai taurin yana soyuwa a kasko da mai kaɗan har gefensa ya yi ja, ana kuma saka shi a miya minti 5 kafin a sauke. Mai laushin ya fi dacewa da burodi da zuma, ko a marmasa shi a kan salak da soyayyen ƙwai. Ruwan da aka tace a yi kwaɓin burodi da shi. A ajiye cukun a firij cikin mazubi mai murfi, a cinye cikin kwana 4.