Darasi na 7: Tsohon ƙarfe kuɗi ne, kar a zubar a kwata

Toh 'yan aji, yau kan gwangwani da tsohon ƙarfe zamu tsaya, wato irin kayan da muke watsawa bayan gida har sai 'yan gwangwan sun zo da baro da sikeli suna kira sannan mu tuna da su.

Ƙarfe ba kamar leda ko takarda bane, in aka narka shi yana dawowa sabo fil, a sake narkawa ya sake dawowa. Shi yasa gwangwanin lemon da ka sha yau zai iya zama tukunyar tuwo gobe. Duk wanda ya taɓa leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san wannan ba labari bane, mutane nawa ne ke ci a wajen, daga yaron da ke tsinta zuwa dillali zuwa mai mota da ke loda kayan zuwa kamfanin rodi. Maƙeran mu ma tun da can da sifirin tsohuwar mota suke ƙera gatari da fartanya.

Ga abinda yafi bani mamaki. Alminiyon, wato farin ƙarfen da ake yin gwangwanin lemo da tukunya da shi, daga wata jar ƙasa ake samo shi, ƙasar Gini na da ita sosai, kuma sai an haƙo wajen tan 4 kafin a samu tan 1, ga wutar lantarki da yake ci kamar ba gobe. Amma in tsohon gwangwani aka narka, kusan kashi 5 cikin 100 na wutar nan kawai ake buƙata. Kenan an rage haƙa ƙasa, an rage hayaƙi. Mu kuma a unguwa kwatar mu bata toshe ba, ruwan sama bai kwanta cikin gwangwanaye sauro ya samu wajen ƙwai ba.

Yanzu yadda zaka yi. Nemi maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ya isa. Abinda ya kama baƙin ƙarfe ne, shi yafi araha. Wanda bai kama ba duba launi, fari mara nauyi alminiyon ne, ja kuma jan ƙarfe, shi yafi tsada. Ware kowanne a buhunsa, don in ka haɗe su kuɗin mai araha za'a baka gaba ɗaya. Ka tambayi farashin kilo wuri biyu, kuma idonka na kan sikeli lokacin awo.

Don Allah kar a ƙona waya a ciro jan ƙarfe, a feƙe robar da wuƙa, hayaƙin nan na lalata huhu. Batirin mota kuma a sayar da shi yadda yake kar a fasa a gida, akwai dalma ciki, ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 wajen haƙar zinare. A sa safar hannu, in mai tsatsa ya yanke ka tafi asibiti a maka allura. Murfin kwalbati da wayar wuta da ƙarfen layin dogo kuwa kayan jama'a ne, ko an kawo maka da araha kar ka saya.

Aikin gida: tara ƙarafan gidanku na sati ɗaya, ka rubuta sunan kowanne da kilonsa. In kilo ɗaya naira 400 ne misali, nawa ne kuɗin kilo 6?