Yadda ake gano matsala idan foldar gidan yuza ta NFS ta ƙi hawa

Yuza ya sa fasuwod an karɓa, amma allo ya yi baƙi ya sake dawo da shi wurin shiga, ko kuma ta SSH ya ga saƙon "Could not chdir to home directory". A tsarin da akawun ke kan sabar da ke riƙe bayanan yuzoji kamar LDAP ko FreeIPA ko Active Directory, foldar gidan kuma tana can kan wata sabar NFS (tsarin raba foldoji ta netwok), abu huɗu ne sai sun daidaita: kwamfutar ta san yuzan, hanya a buɗe take zuwa saba, autofs (sabis ɗin da ke hawa da foldar, wato haɗa ta da kwamfutar, da kansa idan an buƙace ta) ya san inda zai ɗauko foldar, sannan saba ta yarda da shi. Bi su a jere, kar ka fara da ristat ɗin komai kana fatan a dace.

Da farko ka tambayi kwamfutar ko ta san mutumin. Buga getent passwd da sunan yuzan, sannan id da sunan. Idan shiru, to babu ruwan NFS tukuna, matsalar SSSD ce (sabis ɗin da ke ɗauko bayanan akawun daga LDAP) ko /etc/nsswitch.conf. Idan ya fito, ka duba UID da GID (lambar yuza da ta rukuninsa) da kuma hanyar foldar da ke kusa da ƙarshen layin, wani lokacin LDAP yana cewa /home/users/wane alhali autofs yana jira a /home/wane. Idan kwanan nan aka gyara bayanin, sss_cache -E zai sa a daina amfani da tsohon da aka ajiye.

Na biyu, ka ajiye autofs gefe ka hau da hannu. A ganina wannan matakin ya fi kowanne amfani, kuma shi mutane suka fi tsallakewa:

mount -t nfs4 saba:/export/home /mnt

Idan ya hau lafiya, ka wanke saba da netwok a batun hawa, saura autofs. Idan ya tsaya cak ba amsa, yawanci fayawol ne ko DNS, sai ka gwada nc -zv saba 2049 don NFSv4 wannan ƙofar kaɗai yake buƙata, shi kuwa NFSv3 sai an ƙara rpcbind a 111 da mountd. Kuma kar showmount -e ya ruɗe ka, a sabar da ke NFSv4 zalla zai iya kasawa alhali komai lafiya lau. Idan kuma cewa ya yi "access denied by server", ka je sabar ka buga exportfs -v ka ga ko adireshin kwamfutar yana cikin waɗanda aka ba izini, in ka gyara /etc/exports ka bi shi da exportfs -ra.

Na uku autofs. automount -m zai nuna maka taswirorin da yake gani, ko daga fayil ko daga LDAP. Idan bai isa ba ka tsayar da sabis ɗin, ka kunna shi da automount -f -v, a wata taga ka yi ls /home/wane kana kallon abin da yake rubutawa. Ka tuna foldar ba ta bayyana sai an taɓa ta, saboda haka ls /home ya fito fayau ba alamar lalacewa ba ce. Don Allah kar ka yi mkdir a wurin don yuza ya samu ya shiga yau, zai ta ajiye aiki a kan diskin kwamfutar, ranar da NFS ya hau kai fayilolin su ɓace masa daga gani ya zo yana cewa an goge masa aiki.

Na huɗu shi ne inda aka fi shan wahala: foldar ta hau amma "Permission denied". Kar ka gwada da root, saitin root_squash na saba yana mayar da root nobody, wato akawun marar iko, ko kai admin za a hana ka. Yi su - wane ka gwada a matsayinsa, sai ls -ln ka kwatanta lambobin da na id. Da sec=sys, wato tantancewar NFS ta yau da kullum, lamba saba ke dubawa ba suna ba, idan akwai tsohon akawun mai suna ɗaya a /etc/passwd da UID daban, shi zai riga na LDAP. Idan duk fayiloli sun koma nobody, ka duba Domain a /etc/idmapd.conf, dole ya zama iri ɗaya a saba da kwamfutar, bayan gyara ka yi nfsidmap -c. Akwai kuma iyakar rukuni 16 a sec=sys, wanda ke cikin rukunai da yawa sai ka ga wata folda ta buɗe masa wata ta ƙi, maganinsa a kunna manage-gids a saba. chmod 777 dai ba magani ba ne, bar wa kowa ƙofar gida a buɗe ne kawai.

Idan sec=krb5 kuke amfani da shi, wato tantancewa da tikitin Kerberos, klist zai nuna ko yuzan na da tikiti, sannan ka duba agogo da chronyc tracking don Kerberos ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5. Wanda ya shigo da makullin SSH ba shi da tikiti sai ya yi kinit, kai wani sa'in ma sshd ba zai iya karanta authorized_keys ɗin da ke cikin foldar ba.

A RHEL da Fedora da danginsu tsarin tsaro na SELinux ma yana iya hanawa, buga getsebool use_nfs_home_dirs, in a kashe yake ka yi setsebool -P use_nfs_home_dirs 1.

"Stale file handle" kuwa yana zuwa ne bayan an matsar ko an sake ƙirƙirar foldar a saba, umount -l /home/wane sai autofs ya sake ɗauko ta. In duk wannan lafiya kuma allon shiga na ci gaba da dawo da yuza, buga df -h da quota -s, foldar da ta cika ba ta barin a rubuta .Xauthority, fayil ɗin da ake rubutawa lokacin shiga ta allo.